KAFIN A MAIDO MANA DA WUTA, A FARA BIN WAYAR DA ƘAFA



Duk inda ƴan Sabon Birni ko ƴan Isa suka haɗu, da an gama jajen tsaro sai a shiga maganar wuta. Yaushe za a maido mana da ita? Wa zai kawo taransifoma? Wane ɗan siyasa ne ya yi alkawari bai cika ba? Ni ma ina cikin masu wannan kukan, domin na san kuɗin da mai walda da mai niƙa da mai sayar da ruwan sanyi ke ƙonawa a fetur da gas, na kuma san yadda ake fama wajen adana allurar rigakafi a ƙananan asibitocinmu. Amma yau zan faɗi abin da na san ba zai yi wa wasu daɗi ba. Da za a ce in zaɓa, ko a kunna layinmu gobe da safe a yadda yake, ko a jinkirta wata biyu a bi shi falwaya bayan falwaya, wallahi jinkirin zan zaɓa.

Dalilina shi ne, wayar da ta fi kowace haɗari ita ce wadda kowa ya yarda ta mutu. A birnin da ake samun wuta ko da awa huɗu ne a rana, mutane na shakkar waya. Mu kuwa mun daɗe cikin duhu har tsoron ya fita daga zukatanmu. Akwai yaran da suka yi wayo a Unguwar Lalle ba su san falwaya da wani amfani ba illa wurin jingina da wurin manna hoton ɗan takara. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

Duk wanda ke ganin na cika baki, ya zaga gari da yamma, ya riƙa ɗaga kai sama yana kuma duban ƙasa. Zai ga rumfar mai shayi da kwanonta ya kusa gogar waya. Zai ga akuya ɗaure a jikin wayar nan da ke tokare falwaya da ƙasa. Zai ga inda wayar shiga gida ta saki ta sauko, mata sun mayar da ita igiyar shanya. Zai ga dogon yaro ya girma, rassansa sun ratsa tsakanin wayoyi sun haɗe su. Zai ga tsibin kara da harawa an jibge a kan rumfa daidai ƙarƙashin layi, da falwayar katako wadda gara ta cinye gindinta, wayar ce ma ke riƙe da ita maimakon ita ta riƙe wayar. Kwalaben nan da ke raba waya da ƙarfen falwaya kuwa, da yawansu yara sun farfasa su da danƙon harbin tsuntsu. A daji kuma, inda ɓarayin waya suka yanka suka kwashe rabi, sauran na nan reto a gonakin mutane.

In ka yi magana, amsar ɗaya ce: "Haba Malam, wagga waya ai ta mutu tun ban yi aure ba. Ɗiyanmu nan sunka tashi, ba mu taɓa jin ta ja kowa ba. Mi za ta yi muna?" Gaskiya ne ba ta ja kowa ba. Amma ba mutuwa ta yi ba, kashe ta aka yi daga wani wuri, kuma wanda ya kashe ta zai iya kunna ta ba tare da ya san akwai akuya ko shanya a jikinta ba.

Mu dubi abin da ya sami wasu. A farkon watan Janairu na 2023, cikin dare, wuta ta kashe mutane wajen goma a Gwargwaje cikin Zariya. Bayanin da kamfanin Kaduna Electric ya bayar shi ne babbar waya ce ta tsinke ta faɗa a kan ƙaramar wayar da ke shiga gidaje. Wannan kamfanin dai shi ne ke rarraba wuta a Kaduna da Kabi da Zamfara da kuma nan Sakkwato, don haka ba labarin wata ƙasa nake ba ku ba. Mutanen nan ba falwaya suka hau ba, ba satar wuta suke ba, suna cikin gidajensu. A watan Yunin 2025 irin haka ta faru a Tudun Wadan Pantami cikin garin Gombe, mutum biyar suka rasu, cikinsu har da babban sakatare a gwamnatin jihar. Kafin nan, ranar 20 ga Afrilu 2017 a Kalaba, babbar waya ta faɗo a kan rufin kwanon gidan kallon ƙwallo ana tsakiyar wasan Manchester United da Anderlecht, aƙalla mutum bakwai suka mutu. Allah Ya jiƙan Musulmin cikinsu, Ya ba iyalan kowa haƙuri. Gidajen kallon ƙwallo nawa muke da su masu rufin kwano da bangon kwano? Wa ya taɓa duba abin da ya ratsa ta samansu?

Waɗancan wuraren fa birane ne, inda ma'aikatan wuta ke da ofis, suke kuma iya zuwa su duba layi a kowane lokaci. To ina ga layin da ya ratso dajin da ko jami'in tsaro sai da shiri yake shigarsa?

Bari in ɗan yi bayanin wayoyin, don mu riƙa sanin abin da muke kallo. Wutar da ke shiga ɗakinka ƙarfinta bolt 230 ne. Ita ce ke bin wayoyin nan huɗu da ake jerawa ɗaya saman ɗaya a gajeruwar falwaya. Wayoyi ukun da ke kwance a jere can ƙololuwa, bisa ƙarfe ko katakon da aka gitta, su ne manya: wasu bolt 11,000 suke ɗauka, wasu 33,000. Ƙaramar cikinsu ta kusa ninka wutar gida sau hamsin. Sau da yawa babba da ƙarama falwaya ɗaya suke bi, babbar a sama, ƙaramar a ƙasa. Shi ya sa in ta sama ta tsinke ta kwanta a kan ta ƙasa, wannan ƙarfin duka sai ya bi layi ya shiga kowane gida, ya fito ta soket, ta cajar waya, ta jikin firji, ta ƙofar ƙarfe. Wanda ya ji ƙara ya tashi da gudu zai kashe makunni, shi ne na farko da za ta kama.

Kada kuma wani ya raina ta gidan. Abin da tsohon ƙwan fitila mai wat 60 ke sha ya wuce abin da zai rikita bugun zuciyar ƙato in ya ratsa ƙirjinsa, musamman in ƙafarsa ba takalmi ko ƙasa na da danshi. Babbar waya kuwa ba ta jiran ka taɓa ta. In ƙarfe ko ɗanyen icce ko hannunka ya matso kusa sosai, tsallakowa take yi ta iska ta same ka. Wani zai ce to ga tsuntsaye nan suna zama a kanta lafiya lau. Tsuntsu waya ɗaya ya taka, bai taɓa ƙasa ba, bai taɓa ta biyu ba, wutar ba ta da hanyar bi ta jikinsa. Kai kuwa ƙafarka na ƙasa, kai ne hanyar.

Abin da ya fi damuna, kuma na ga ba a cika maganarsa ba, shi ne layin da aka kashe zai iya ɗaukar wuta ko kamfani bai kunna shi ba. Yanzu kusan kowace unguwa akwai mai janareta ko sola da inbata. Da yawa daga gidajen nan da shagunan tun can an ja musu wayar NEPA, kuma har yau ba a cire ta daga falwaya ba. Sai yaro mai gyaran wuta ya zo ya jona janareta kai tsaye a wayoyin ɗaki, ba tare da ya sa makunnin da ke raba layin gida da na waje ba, don maigida ya ce kuɗin ya yi yawa, ai ba wuta ma. Da an tayar da injin, wutar ba a ɗaki kawai za ta tsaya ba, za ta fita ta bi wayar waje zuwa maƙwabta. In kuma akwai taransifoma a haɗe, ita ba ta san gaba da baya ba. Yadda take sauko da 11,000 zuwa na gida, haka za ta ɗauki na gida ta ɗaga shi zuwa dubbai ta tura a babbar waya. Wato ƙaramin injin mai cajin waya a bakin kasuwa zai iya kashe wanda ke saran reshe a wata unguwa, su biyun ba wanda ya san abin da ya haɗa su. Haka tsawa: in ta faɗa a kan layi can cikin daji, tana iya biyo waya ta yi tafiya mai nisa. Wannan ne ya sa ƙwararren ma'aikacin wuta, ko shi da kansa ya kashe layi, ba ya taɓa shi sai ya gwada, ya kuma ɗaure shi da ƙasa. Wanda ya karanci abin bai yarda da ita ba, sai mu?

Sannan kunnawar ma ba a gabanmu ake yanke shawararta ba. Ku tuna bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, Najeriya ta yanke musu wuta a watan Agusta, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. Umarni ne daga Abuja ya kashe, umarni ne ya kunna. Namu ma haka zai kasance. Wata rana ɗan kwangila zai ce ya gama, wani a ɗakin na'ura mai nisan kilomita masu yawa daga nan zai ce bari a gwada layin, ya danna. Ba ya ganin Gatawa, ba ya ganin Tsamaye, ba ya ganin Unguwar Lalle.

Wani zai ce ai in waya ta faɗi wutar ɗaukewa take yi da kanta. Haka aka tsara, amma ba kullum ba. Na'urar da ke yanke wuta tana aiki ne in ta ji wuta mai yawa ta kwarara cikin ƙasa. Ƙasarmu ta Gobir rairayi ce, da rani kuma busasshiya ƙayau, ba ta jan wuta sosai. Waya na iya kwanciya a kan yashi da ranta, ba tartsatsi, ba ƙara, ba hayaƙi, na'urar can ba ta ji komai ba. Ko ta yanke ɗin ma, abu ne sananne a sake kunnawa bayan ɗan lokaci don a ga ko matsalar ta wuce. Wayar da ka tsallaka lafiya ɗazu, bayan minti biyar wata aba ce daban. Ga kuma halinmu na cire fis ɗin taransifoma in ya cika ƙonewa a ɗaura waya mai kauri a gurbinsa, a ce an huta. Fis ɗin nan an yi shi ne don ya ƙone a madadin gidanka.

Saboda haka duk wayar da aka gani a ƙasa, ko tana reto, ko ta kwanta a kan icce ko katanga ko rufi, a ɗauka tana da rai. A ja baya aƙalla mita 10, wato kamar taku goma sha biyar, a tsayar da wani babba ya riƙa korar yara da dabbobi. Ba taɓa wayar kaɗai ke kisa ba. Wutar na bazuwa cikin ƙasa zobe-zobe, kamar in an jefa tsakuwa a tafki, tana raguwa in ana nisa. In ƙafarka ɗaya na zoben ciki ɗaya na zoben waje, sai ta shiga ta wannan ta fita ta waccan. Shi ya sa shanu da raƙuma suka fi saurin faɗuwa, tazarar ƙafafunsu ta fi tamu. Wanda ya tsinci kansa kusa da ita kada ya ruga. Ya haɗe ƙafafunsa, ya riƙa jan su a ƙasa kaɗan-kaɗan ba tare da sun rabu ba, har ya yi nisa. In kuma a kan mota ta faɗo, kowa ya zauna a ciki, na waje kada su matso. Sai in motar ta kama wuta ne za a fita, shi ma tsalle za a yi a dira da ƙafa biyu a haɗe, kada hannu na jikin mota ƙafa na ƙasa.

Wannan ya kawo ni kan direbobinmu na kanta da a-kori-kura, masu lodin buhuna har sama sannan a ɗora mutane a kan lodin. Da masu raƙuman da ake yi wa lodin kara ya fi ɗaki tsawo. Waya ba tsayi ɗaya take da shi kullum ba. Ƙarfe na miƙewa in ya ji zafi, don haka wayar da ka wuce ƙarƙashinta da hunturu, a watan Afrilu da tsakar rana ta sauko fiye da haka. Magina masu ɗaga rodi da kwano, masu hawa rufi su kafa faifan sola, masu kafa dogon bututun ƙarfe don eriya ko neman sabis, makiyaya masu hawa gawo su sassabo wa dabbobi ganye, kowa ya ɗaga kai kafin ya ɗaga abin hannunsa. In bututun da za ka kafa zai iya kai wa waya idan iskar farkon damina ta kayar da shi, to wurin bai yi ba.

Abu mafi wuya da zan faɗa shi ne wannan: in wuta ta kama mutum, kada a rungume shi. Na san faɗa ya fi yi sauƙi. Uwa ta ga ɗanta manne da waya, wa zai riƙe ta? Amma haka ake rasa mutum biyu, uku a gida ɗaya, kowa ya zo ceton na gabansa. In wutar cikin gida ce, a kashe babban makunni ko janareta, in ba hali a ture shi da busasshen icce ana tsaye a busasshen wuri. In babbar waya ce, ba sandar da za ta yi, ba takalmin roba, ba safar hannu ta kasuwa. Sai an tabbatar an kashe layin. Bayan an raba shi da wutar, in ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, kada a tsaya. A bar maganar ɗura masa madara ko binne shi a yashi, ba sa fitar da wata wuta daga jiki, kuma ɗura wa wanda ya suma abu na iya shaƙe shi. In ma ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, domin ƙunar wuta ta ciki ta fi ta waje, tana taɓa zuciya da ƙoda. Mu kuma da muka san babbar ƙuna sai an dangana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, muka kuma san yadda hanyar take in rana ta faɗi, mu ne ya kamata mu fi kowa gudun abin da zai kai mu can.

Na san abin da wasu za su ce. "Malam, ana kashe mu ana sace mu, kai kana maganar waya." Ban manta ba, ni ma ina da ƴan'uwa da suka bar gonakinsu, wasu suna nan cikin gari, wasu sun tsallaka Gidan Rumji da Maraɗi. Amma maganar tsaron ce ma ta ƙara wa ta wayar nauyi. Mutanen ƙauyukan da aka tasa sun taru a manyan garuruwa, kuma filin da ya rage babu mai shi, wanda ba za a kore ka ba in ka kafa bukka, sau da yawa shi ne wanda ke ƙarƙashin layi. Bukkar zana da leda da kara. Wanda ya tsere wa bindiga bai kamata ya zo ya kwanta a ƙarƙashin wani ajalin da hannunmu zai iya kawarwa ba.

Doka ta san da wannan. Ƙa'idar da ake aiki da ita a Najeriya ta ware faɗin mita 11 ga layin 11,000 da na 33,000, wato mita biyar da rabi kowane gefe, kamar taku bakwai zuwa takwas, ba gini ba rumfa. Na 132,000 mita 30 ne, na 330,000 mita 50. Amma ni ba na cikin masu cewa a kawo katafila a rushe. Rushe bukkar ɗan gudun hijira ba tare da an nuna masa inda zai koma ba zalunci ne, kuma gobe zai dawo ya sake kafawa. Ƙaramar hukuma da hakimai da masu unguwanni su ne suka san filayen gari. Su nemo wuri su ba mutanen nan tun yanzu da layin ke kashe, lokacin da za a iya yin abin cikin natsuwa. Inda gidaje suka riga suka yi yawa, gine-gine na ƙasa da na bulo, wani lokaci ya fi sauƙi a karkatar da layin da a tashi unguwa. Wanda ba ni da tausayinsa shi ne mai yanka fili a ƙarƙashin waya ya sayar wa talaka, da jami'in da ya sa hannu a takardar yana sane.

Sai maganar ƙaddara. Duk mun yi imani ba mai wuce ranarsa. Amma malamanmu ba su taɓa karantar da mu cewa tawakkali shi ne barin sababi ba. Mutumin da ya ga rijiya a buɗe a hanyar yara ya wuce, ranar da yaro ya faɗa ba zai ce ba ruwansa ba. Abin da na lura, kalmar ƙaddara ta fi yi wa mai laifi amfani. Da an ce haka Allah Ya so, shi ke nan, ba bincike, ba diyya, ba gyara, wayar da ta yi kisan ma a ɗaure ta a mayar inda take.

To wa ke da alhakin bin layin? Na farko kamfanin da zai sayar mana da wutar ya karɓi kuɗi. Na biyu duk wanda ya ba da kwangilar gyara, jiha ce ko tarayya ko aikin mazaɓa na ɗan majalisa. Akwai kuma hukumar tarayya da ake kira NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, aikinta shi ne ta duba ta gwada kayan wuta da layuka ta ba da shaidar sun cika ƙa'ida kafin a sa musu wuta. Akwai NERC mai sa ido a kan kamfanonin. Ba alfarma za mu roƙa ba, aikinsu ne.

A nan bari in yi magana a matsayina na wanda ya shekara kusan ashirin yana ganin yadda fayil ke tafiya. Sayen taransifoma na da farin jini a kasafin kuɗi, saboda ana ɗaukar hotonta, a yanka ƙyalle, a rubuta sunan mai girma a allo. Canza kwalba ɗari biyu da sare rassa da ɗaure wayar da ta saki ba su da hoto, don haka su ne ake fara zaftarewa in kuɗi bai kai ba. Sabuwar taransifoma a kan ruɓaɓɓen layi kuwa kamar sabon inji ne a motar da ba ta da birki. Abu na biyu, a aikin gwamnati abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Ka faɗa wa ma'aikaci a bakin hanya cewa wayar unguwarku ta sauko, ya ce to za a duba, wannan ba ƙorafi ba ne, hira ce. Ranar da abu ya faru, kowa zai rantse bai sani ba.

Shawarata ga ƙungiyoyin matasanmu da na cigaban gari, waɗanda muke ta tara kuɗi muna buga kalanda: kowace unguwa ta fitar da mutum uku, da wani mai gyaran wuta da ya san aikinsa, su bi layi da ƙafa cikin gari, ba mai hawa ba mai taɓawa. A rubuta kowace falwaya da ta karkata, kowace waya da ta sauko, kowane reshe, kowace rumfa, kowane gida da ke da janareta ko inbata ba makunnin rabawa. A ɗauki hoto. A rubuta takarda, mai unguwa da hakimi da kansila su sa hannu, a kai ofishin kamfani da na ƙaramar hukuma, a aika wa NEMSA da NERC nasu. A tafi da kwafi biyu, a sa su buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, a dawo da shi gida a adana. Wannan hatimin shi ke sa jami'i ya kasa barci, domin ya san daga ranar alhakin ya koma wuyansa. Sashen daji kuwa, wanda farar hula ba zai iya bi ba, a faɗa a takardar ƙarara cewa sai an haɗa ma'aikata da jami'an tsaro sun bi shi.

Masu janareta da sola, ku ba sai kun jira kowa ba. Ko ku sa makunnin rabawa, ko a cire wayarku daga layin waje gaba ɗaya. Kuɗinsa bai kai na man da kuke sha a wata ba.

Abu na ƙarshe da za mu nema a rubuce shi ne sanarwa. Ba ta Facebook kaɗai ba. Mu da muka ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan har da Sabon Birni da Isa, mun san saƙon da ya dogara da sabis bai isa ko'ina ba, kuma tsohuwar da ke shanya a kan waya ba ta da Facebook. A sanar a masallatan Juma'a aƙalla mako biyu a jere. Mai shela ya zaga. A faɗa a Rima Radio, a tasha, a makarantun boko da na allo, a kuma bi ta Islamiyyun matan aure don saƙon ya shiga cikin gidaje, tunda su da yara ne ke wuni kusa da wayoyin nan. A faɗi ranar, a faɗi lokacin. Ranar kunnawa a yi ta da hantsi kowa na gani, kada a yi da dare mutane na barci. A kunna unguwa-unguwa, da ma'aikaci tsaye a wurin makunni wanda zai iya kashewa nan take in an ga hayaƙi, da lambar da za a kira wadda za a ɗauka. Kuma kada ranar ta zama ranar kasuwa.